Ledar maganin Alhaji: ƙaba, Sintrom da allurar bayan da ba a yi ba

Aikina sa barci a ɗakin tiyata, a ɗaya daga cikin asibitocin Maradi. A ƙasarmu yawancin wannan aiki yana hannun irinmu, malaman jinya da suka ƙaro karatu a fannin, domin likitocinsa ba su da yawa. Na rubuta wannan lamari ne don abokan aiki da ɗalibai masu zuwa koyo wurinmu, da kuma duk gidan da ake ba wani dattijo maganin tsinka jini. Na sakaya sunan mara lafiyan da garinsu.

Yadda aka kawo shi

Cikin hunturu ne, wajen ƙarfe 9 da rabi na dare. Dattijo ne mai shekara 64, ɗan kasuwa, yana sayen aya da riɗi a kasuwannin ƙauye yana kaiwa Jibiya da Katsina. Ya daɗe da ƙaba a matsematsinsa na dama, in ta fito sai ya kwanta ya mayar da ita da hannu. Ran nan tun hantsi ta fito ta ƙi komawa. An fara kai shi wani ƙaramin asibiti kusa da garinsu, aka gwada tura ta, ta ƙi, aka yi masa allura a ɗuwawu don rage ciwo, sannan aka turo shi wurinmu. Kafin ya iso ya yi amai sau huɗu, iska ba ta fita, ciki ya fara ɗaurewa. Kumburin ya yi tauri kamar ɗanyen mangwaro, ko taɓawa ba ya bari a yi. Awon jininsa 150 bisa 90, zuciya tana bugawa 118 a minti, nauyinsa wajen kilo 70. Likitan fiɗa ya duba ya ce hanji ya shaƙe, a shirya ɗaki.

Babban ɗansa ne ya shigo da shi, shi na yi wa tambayoyin. An taɓa yi masa aiki? A'a. Akwai maganin da jikinsa ba ya so? Babu. Yaushe ya ci abinci? Tun kunun safe. Na ce, "Baba yana shan wani magani kullum?" Ya ce, "Na hawan jini ne kawai, likita." Na rubuta haka. Na ji bugun jijiyar hannunsa ba ya tafiya daidai, wani ya zo da sauri, wani ya yi jinkiri, amma na ɗora abin a kan ciwo da ƙarancin ruwa. Wannan kuskurena ne, kuma a nan ya kamata in tsaya.

Na shirya allurar baya. Ita ce jakin aikinmu a nan: haihuwa ta tiyata, ƙaba, gwaiwa, karayar ƙafa, duk da ita ake yi. Ba ta da tsada, ba ta cin iskar oksijin da yawa, mutum yana farke yana numfashi da kansa. Tun 1898 da wani likita Bajamushe, August Bier, ya fara yin tiyata da ita, tsarin bai canza sosai ba: siririyar allura ta ratsa tsakanin ƙasusuwan ƙugu, ta kai ga ruwan da lakar baya ke ciki, a zuba maganin kashe jiki, daga cibiya zuwa ƙafa ya mutu na awa biyu ko uku. Muka zaunar da Alhaji a bakin tebur, ya rungumi matashi, na wanke bayansa da Bétadine. Na zare safar hannu daga takardarta, kwalbar Marcaine, maganin kashe jikin da ake zubawa a baya, tana kan faranti. Da abokiyar aikina ta ɗan sassauta masa wando don in laluba ƙashin ƙugu, sai ta ce, "Malam, dubi nan." Inda aka yi masa allura da rana ya kumbura ya kai faɗin tafin hannu, baƙi ƙirin da shuɗi-shuɗi a gefe, yana da tauri. Allurar ɗuwawu ba ta yi wa mai lafiyayyen jini haka. Na koma na dubi hannunsa, audugar da ke kan robar ƙarin ruwa ta jiƙe ja. Na ce ya buɗe baki, dasashinsa yana tsattsafar da jini a gindin haƙora. Na rufe farantin, na ce a kwantar da shi.

Abin da ke cikin leda

Na fita tsakar asibiti. Uwargidansa tana zaune a tabarma cikin sauran masu jinya, ta lulluɓa da bargo, ba wanda ya tambaye ta komai tun zuwansu. Na durƙusa na gaishe ta, na ce, "Hajiya, don Allah duk abin da Alhaji ke haɗiya, na asibiti da na kasuwa da na gida, ki zazzage mani shi nan." Ta kwance wata baƙar leda daga cikin jakarta. Akwai maganin hawan jini, gaskiyar ɗan. Akwai diklofenak da yake sha don ciwon gwiwa. Akwai katin Flagyl saura ƙwaya biyu, an sayo wurin mai tebur kwana shida da suka wuce saboda zawo. Sai wani kwali da ya sha hannu har rubutun ya fara gogewa: Sintrom, maganin tsinka jini, miligiram 4. A cikinsa akwai gutsattsarin ƙwayoyi, domin ƙwayar tana da tsaga biyu da ke raba ta gida huɗu. Hajiya ta ce ita take karya masa, kashi uku take ba shi kullum bayan magariba, ta ajiye na huɗun. "Na zuciya ne. Likitan Yamai ya ce kada a kuskura a fasa ko kwana ɗaya." Shekara biyu ke nan, tun da bakinsa ya taɓa karkacewa, hannun hagu ya yi nauyi na ƴan kwanaki. Na ce yau ma ta ba shi? Ta ce ta ba shi a mota, amma bai jima ba ya yi amai. A ƙasan ledar akwai ɗan littafin da ake rubuta awon tsinkewar jini, awo na ƙarshe wata biyar baya.

Ɗan bai yi mani ƙarya ba. A wurinsa duk ƙwayar da tsoho ke sha da daddare ta hawan jini ce. Wadda ta san sunan kowace da lokacinta ita ce mai karyawa da hannunta, ita kuwa al'ada ta bar ta a waje, maza suka shiga wurin likita. Na sha ganin haka, kuma har yau yana damuna, domin amsar da rayuwar mutum ta rataya a kanta tana zaune a tabarma, taku ashirin daga ƙofar ɗakin tiyata.

Ciwon Alhaji shi ne rawar ɗakunan sama na zuciya. Maimakon su matse su tura jini, sai su riƙa karkarwa, jini ya kwanta a lungu ya yi guda, gudan ya ɓalle ya toshe jijiyar ƙwaƙwalwa. Don hana haka ake ba da Sintrom. Shi da ɗan'uwansa warfarin asalinsu ɗaya, kuma labarin zai yi wa makiyayi ma'ana. A shekarun 1920 shanu a arewacin Amurka da Kanada suka riƙa mutuwa da zubar jini bayan an yi musu dandaƙa ko an yanke ƙaho, aka gano wata harawa ce da ta yi fumfuna suke ci. Masu bincike a jami'ar Wiskonsin ƙarƙashin Karl Link suka ciro sinadarin, aka fara sayar da warfarin a 1948 a matsayin maganin ɓera, a 1954 aka amince a ba mutane. Aikinsu hana hanta amfani da bitamin K, wanda da shi take ƙera huɗu daga cikin sinadaran daskarar da jini, masu lamba 2, 7, 9 da 10. Ana auna ƙarfinsa da gwajin da ake kira INR. Na mai lafiya yana wajen 1, mai irin ciwon Alhaji ana so ya zauna tsakanin 2 da 3. Wahalar maganin ita ce abu kaɗan ke karkata shi. Mutum ya yawaita ganye, kwaɗon zogale ko alayyafo ko kabeji, ƙarfinsa ya ragu. Ya yi zawo ya daina cin abinci, ƙarfin ya hau. Flagyl kuwa yana hana hanta karya shi, sai ya taru a jiki, haka ma Bactrim, wani maganin kashe ƙwayoyin cuta. Diklofenak bai cika taɓa awon ba, amma yana raunana ƙwayoyin jinin da ke fara toshe rauni, yana kuma cin bangon tumbi. Alhaji ya haɗa zawo, rashin ci, Flagyl da diklofenak cikin mako ɗaya.

Ƙarfe 11 saura sakamako ya fito: INR 4.6. Ƙwayoyin toshe rauni 210,000, lafiya lau. Ƙarfin jini giram 11.8. Ƙoda ta ɗan nuna alamar ƙarancin ruwa.

Shawarar da muka yanke

Maganar allurar baya ta mutu nan take. Tsakanin ƙashi da rigar laka akwai ƙananan jijiyoyin jini birjik, kuma ko gwanin gwanaye yakan soki ɗaya, don a makance ake shiga. Ga mai lafiyayyen jini ɗigo biyu ne ya tsaya. Ga wanda jininsa ya tsinke, zai yi ta zuba cikin rami na ƙashi wanda ba ya buɗewa, ba kuma inda za ka sa yatsa ka danne. Gudan ya matse laka, ƙafafu su mutu, fitsari da bayan gida su ƙwace. Mugun abin shi ne alamar farko tana kama da aikin allurar kanta: ƙafa ba ta motsi, kowa ya ce ai magani ne bai sake shi ba, har gari ya waye. Abin da aka sani shi ne in ba a buɗe bayan an kwashe jinin cikin kamar awa 8 ba, da wuya ƙafafun su dawo. Ka lissafa lokacin gane matsalar, da neman hoto, da neman likitan da zai buɗe ƙashin baya cikin dare, in kuma abin ya kai ga tafiya Yamai, kilomita fiye da 600 ne. Kumburin da na gani a ɗuwawun Alhaji, shi zan sa masa a kan laka da na soka allurar nan.

Saura tambaya ta biyu, wadda ta fi wuya: yaushe za a yanka? Likitan fiɗa yana da hujja. Hanjin da ya shaƙe tun hantsi kowace awa kusantar ruɓewa yake, in ya ruɓe sai an yanke an haɗa, ga dattijo mai ciwon zuciya wannan babban aiki ne. Ya ce, "Malam, ba zan kai asuba ina kallonsa ba." Na ce, "Dokta, ba ni awa uku. In ka yanka a 4.6 ba za ka ga abin da kake ɗinkewa ba." Da aikin shiri ne da ba gardama: a dakatar da Sintrom kwana 3, warfarin kwana 5, a auna a ga ya sauko, a yi aiki cikin natsuwa. A gaggawa hanya biyu ce ake haɗawa. Bitamin K ta jijiya yana sa hanta ta koma ƙera sinadaran, amma sai bayan awa 6 zuwa 12 ake ganin amfaninsa sosai. Kafin nan dole a ara wa mutum na wani. Mafi kyau shi ne garin sinadaran da aka tace, wanda ake kira PPSB, ana narka shi a ba da cikin mintuna. Ba mu da shi. Abin da ya rage shi ne ruwan jini da aka daskarar a firiza, mililita 15 ga kowane kilo, wato ga Alhaji lita ɗaya da ɗoriya, leda huɗu ko biyar.

Na sa bitamin K miligiram 10 cikin ƙaramin ruwa, ya shiga a hankali cikin minti 30, don in an tura shi da sauri yana iya sa awon hawan jini ya faɗi ƙasa. Na hana kowace allurar tsoka. Ruwan jini leda uku aka samu masu dacewa da rukuninsa. Ƴaƴansa biyu da ƙanensa suka ba da jini a ajiye saboda ko-ta-kwana, kuma sabon jini da ba a raba ba shi ma yana ɗauke da sinadaran daskarewa. Aka narka ledojin a ruwa mai ɗumin jiki. Na zauna kusa da shi ina sa su ɗaya bayan ɗaya, ina saurarar ƙasan huhunsa bayan kowace leda, domin zuciyar da ke rawa ba ta son a yi mata lodi. Robar hanci ta zuƙe ciki ma ban sa ba sai da leda ta biyu ta ƙare, na shafe ta da mai sosai na bi a sannu, saboda haɓo a irin wannan hali masifa ce ta kanta. Ta fitar da ruwa kore kusan rabin lita.

Likitan ya tambaya ko a ba shi Exacyl. Mutane da yawa suna ɗaukarsa maganin kowace zubar jini, alhali aikinsa daban ne: yana hana gudan da ya riga ya ƙullu narkewa, ba ya mayar da abin da Sintrom ya hana ƙerawa. Magani ne mai daraja. Wata likita ƴar Japan, Utako Okamoto, da mijinta suka samar da shi a farkon shekarun 1960, kuma babban binciken da aka buga a 2017 kan mata 20,000 masu zubar jini bayan haihuwa ya nuna giram 1 cikin awa 3 na farko yana rage mutuwa ta zubar jini da kusan kashi ɗaya cikin uku. A ɗakin haihuwa ba na jinkirin sa shi. Ga mutumin da gudan jini ya taɓa taɓa masa ƙwaƙwalwa, na ce a ajiye shi kusa, sai in jini ya ƙi tsayawa. Kusa, amma ba a kan farantin allurar baya ba. Kwalbarsa tana kama da ta Marcaine, an sha zuba shi cikin baya bisa kuskure a ƙasashe da dama, mutane suka yi ta farfaɗiya har suka mutu, har Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da gargaɗi a kai a 2022. A ɗakinmu aljihun teburinsa daban.

Ƙarfe 2 saura kwata aka sake awo: 1.7. Littafi yana son ƙasa da 1.5. Muka dubi juna muka yarda a shiga, don rauni ne da likita ke gani da ido, yana iya ƙonawa ya ɗaure, kuma ƙarfin ruwan jinin aro ba ya daɗewa, sinadari na 7 cikin kamar awa 6 rabinsa ya tafi. Ga allurar baya kuwa 1.7 bai isa ba, ko kusa. Mun yi tunanin kashe wurin kawai da allurar fata, muka bari, don in hanji ya mutu dole a faɗaɗa aiki.

Barci gaba ɗaya aka yi, irin na wanda tumbinsa ke cike. Oksijin minti uku, maganin barci Diprivan ƙasa da abin da na saba ba mai nauyinsa, Célocurine mai sakin tsoka, abokiyar aikina ta danne maƙogwaro, na sa robar numfashi a gwaji ɗaya ba tare da na goge dasashi ba. Da aka buɗe, hanjin ya yi baƙi-baƙi kamar ɗinya. Likitan ya saki zoben da ya shaƙe shi, ya lulluɓe shi da ƙyalle mai ruwan ɗumi, muka tsaya muna kallon agogo. Bayan minti goma ya fara komawa ja, ya motsa. Ba a yanke ba. Jinin da ya zuba bai kai mililita 200 ba, kuma likitan ya ɗauki lokaci yana bin kowane ɗigo kafin ya rufe.

Bayan aiki

Hatsarin ya juya fuska. Yanzu jinin Alhaji yana daskarewa kamar na kowa, zuciyarsa kuwa ba ta daina rawa ba, ga bitamin K miligiram 10 da zai sa Sintrom ya yi kwanaki bai kama ba. Da rana awon ya sauka 1.2. Maganin ciwo Perfalgan da tramadol muka ba shi, diklofenak an soke shi har abada. Awa 24 bayan aiki, da muka ga rauni a bushe kuma ƙoda ta warware, aka fara allurar tsinka jini ta Lovenox 4,000 a fatar ciki sau ɗaya a rana. Kwana na biyu maraina suka ɗan kumbura da jini, aka ɗaga su da ƙyalle, aka sa ido, bai ƙaru ba. Kwana na uku, da ya fara shan kunu, aka mayar da Sintrom bayan an yi waya da likitan zuciya, ana ci gaba da Lovenox har awon ya kai 2.

Tun da na ambaci Lovenox, shi ne ya fi yawan haɗa mu da wannan matsala, musamman ga masu ciki da aka ba shi saboda gudan jini a ƙafa. A nan agogo ne hukunci. Ƙaramin ma'auni na rigakafi, sai awa 12 ta cika kafin allurar baya. Babban ma'auni na magani, awa 24, in ƙoda ta yi rauni a ƙara. Ba a banza aka sa waɗannan awoyi ba: a 1997 hukumar magunguna ta Amurka ta yi gargaɗi bayan an samu mutane da dama da suka shanye ta wannan hanya. Shi ya sa "an yi mata da safe" ba amsa ba ce, sai an faɗi ƙarfe nawa. Plavix, wani maganin hana gudan jini, yana son a dakatar da shi kwana 5 zuwa 7. Ƙaramin asfirin shi kaɗai ba ya hana allurar. Sababbin magungunan tsinka jinin nan kuma, Xarelto da Eliquis, da ake shigowa da su daga Kano ko a dawo da su daga Umra, suna son awa 72, kuma INR yana iya fitowa kusan daidai alhali suna cike da jiki, bitamin K ma ba ya karya su. Wanda ya dogara da takardar awo kaɗai, waɗannan za su yaudare shi.

Kwana takwas aka sallami Alhaji, yana tafiya da ƙafafunsa, INR 2.3. Kafin su tafi na zauna da shi da Hajiya da ɗan, na rubuta sunan maganin da manyan baƙaƙe a kati, da boko da ajami, aka sa a aljihun rigarsa tare da katin ɗan ƙasa. Na ce duk wanda zai yi masa allura, ko cire haƙori, ko wanzami mai ƙaho, a fara nuna masa. Kada a sayi maganin zawo ko na ciwon jiki a tebur ba a tambaya ba. Zogale ya ci abinsa, amma kada ya yi mako yana ci kullum sannan ya yi wata bai taɓa ba. Awo kuma kowane wata, ko da kasuwa ta yi daɗi.

A takardar da muke cikewa kafin aiki mun ƙara layi biyu da biro, har a sake bugawa. Na farko: an ga ledar magani da ido? Na biyu: wa ke ba shi, kuma ƙarfe nawa ya sha na ƙarshe? Bayan wata ɗaya Alhaji ya dawo awo, ya leƙo ɗakinmu ya gaishe mu. Hajiya ce riƙe da ɗan littafin, an rubuta 2.5 a sabon layi.